Mun Je Aron Daji Muka Ɓuge da Ta'aziyya

A shekararmu ta biyu a Manchester maigidana ya sauko da akwatinsa daga saman wadrob, ya buɗe shi a tsakiyar ɗakin kwananmu, ya bar shi a nan. Bai ce zai tafi ba. Shi ba mai yawan magana ba ne, kuma ya san ina gane karatu ko ba a rubuce yake ba. Bayan 'yan kwanaki sai in ga an ƙara wani abu a ciki, yau hula, wata rana takalmi, wata rana kaftanin da ya fi so. Ni kuma dole in tsallake akwatin kafin in isa teburin da nake rubutu, har ƙaurina ya saba da gefensa.

Ni na kawo mu ƙasar. Ni aka ba tallafin karatun digiri na uku, shi kuwa bizarsa a jikin tawa take rataye, daidai da ta 'ya'yanmu biyu. A gida malamin dabbobi ne. Babur ɗinsa ya san rugagen da ko masu neman ƙuri'a ba su san hanyarsu ba. Yakan fita farkon mako, ya kwana inda dare ya riske shi, a kan tabarma gefen garke, ya dawo min yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Wannan mutumin na ɗauko na ajiye a Moss Side, a benen wani gidan jan bulo cikin jerin gidaje masu bango ɗaya, inda in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. Aikinsa ya koma kai yara, ɗauko yara, da jera kwalaye a wani babban sito.

In ya tafi, karatuna ya tafi, don ba ni da mai riƙe min yara, kuma ban san ko auren zai jure wannan nisa ba. Tsoro nake ji ƙwarai. Sai dai ni irin matan nan ce da tsoronsu ke fitowa ta hanyar faɗa, saboda haka a watannin nan babu abin da ban yi masa faɗa a kansa ba, har yadda yake matse man goge baki.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Mun baro ƙasar da gwamnati ke cewa babu kuɗi, muka sauka a ƙasar da gwamnati ke cewa babu kuɗi, bambancin kawai su in sun ce babu sukan manna takarda mai tsabta a ƙofa su ba ka haƙuri. Wurin wasan yara da yake kai ƙaraminmu da hantsi, inda yake samun wasu iyaye su ɗan taɓa hira, aka rufe shi. Laburaren unguwa ya koma buɗewa sai ya ga dama. Ko filin shan iska da ke kusa da mu an sa wa bandakinsa kwaɗo, ka fita da yara sai ka dawo a guje. Barci ya ƙaurace masa. Ya je wurin likita, likita ya ce ya riƙa fita shan iska.

Wata rana na tare shi a kicin. Na ce, "Malam, don Allah me kake so? Ka faɗa min da baki, ka daina faɗa min da akwati."

Ya ce, "Dakta." Haka yake kirana tun kafin in rubuta babi ɗaya, rabi zolaya rabi fata. "So nake in kwana inda babu rufi. Ko sau ɗaya. In buɗe ido in ga sama, ba ceiling ɗin landlord ba."

Ashe har ya gama shiri. Daga saman bas, in gari ya yi haske, ana hango tuddai can gabas da birnin. Niyyarsa ya hau jirgin ƙasa da bargo da tabarma, ya sauka inda gidaje suka ƙare, ya yi ta tafiya har ya gaji, ya kwanta. Na ce ya dakata in yi tambaya.

A ofishinmu na jami'a akwai wata Baturiya mai son hawan duwatsu, ita na tambaya. Ta ce a Ingila kusan kowane taku na ƙasa da mai shi, har tsaunin da ko akuya za ta raina. An yarda ka bi wasu hanyoyi da ƙafa, ka ratsa, ka tsaya ka ci abinci ma, amma kwana sai da izinin mai wurin. Ta ƙara da cewa kada in damu, ita ta sha yi, iyakaci a tashe ka a ce ka naɗe kayanka. Na yi mata godiya. Fasfonta ja ne, nawa kore, kuma ni na san yadda ƙaramar magana ke girma in ta shiga takardun baƙo.

Da na dawo na ce masa, "Babu inda za ka. It's not allowed. Kada ka jawo mana police a ɓata mana visa a kan barci."

Ya ce, "Wato barcin ma sai da izini."

Na ce, "Sai da izini."

Washegari na ga cazar wayarsa ta biyu a cikin akwati.

Daga nan na shiga neman masa daji na halal. Farko na ce ya gwada ɗan filin simintin da ke bayan ginin namu, wanda muke haɗaka da mai zama a ƙasa. Ya shimfiɗa tabarma tsakanin kwandunan shara. Fitilar tsaron maƙwabcinmu irin wadda ke kunna kanta ce in ta ga motsi, saboda haka duk juyin da ya yi sai ta haske shi kamar an kama ɓarawo. Da safe wata dattijuwa 'yar Jamaika da ke gidan gefe ta tsayar da ni a hanya, ta riƙe hannuna, ta ce ko me ya yi min in yafe masa in bar shi ya dawo ciki, maza duk haka suke.

Sai na tafi ga abin da Turawa suka tanada. Wani ɗalibi da ya gama karatu a Withington yana rabuwa da kayansa, muka karɓi tantinsa. Na kama mana wuri a wani filin kafa tantuna da hotonsa ya nuna tsauni da rafi, ba mutum ko ɗaya. Da muka isa aka ba mu lamba, aka nuna mana murabba'inmu a kan ciyawar da aka yi wa aski. Dama da mu wani iyali ne da talabijin ɗinsu, hagu da mu wasu samari da kiɗa. Akwai allo mai faɗin lokacin yin shiru, da allo mai hana hura wuta a ƙasa, da layin shiga bandaki. Yaran sun ji daɗi sosai. Shi kuwa ya zauna a bakin tanti ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Dakta, wannan ai Moss Side ce aka cire wa bulo." Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ban yi dariya a gabansa ba, sai da na shiga layin bandaki.

Ana cikin haka aka gayyace mu suna a Birmingham, a nan muka haɗu da wani dattijo da kowa ke kira Baba. Mutumin Gana ne, haifaffen zangon Kumasi, ya zo Ingila yana saurayi, ya tuƙa bas har ya yi ritaya, yana zaune a Erdington da Hajiyarsa. 'Ya'yansa sun girma a nan, sun yi aure ba tare da an tura shi neman auren kowa ba, sai dai a kawo masa labari ya sa albarka. Dattijo ne mai babbar riga a ninke da jawabi a ciki, wanda aka daɗe ba a ba shi aikin dattijai ba. Ban san wannan ba a lokacin, da na yi hattara.

Bayan an ci abinci na kai masa ƙarar maigidana, cikin wasa amma da gaske nake. Baba ya saurara yana tauna goro. Ya ce, "To 'yata, dokar me ta ce?"

Na ce, "Ta ce sai da permission ɗin mai ƙasa, Baba."

Ya ce, "Shi ke nan? To ina matsalar? Ƙasa da mai ita, sai a je a gaishe shi. A ina aka taɓa sauka a gonar mutum babu sallama?" Ya juya ga maigidana. "Kai ɗana, a rugagen da kake zuwa, kwanciya kawai kake yi?"

Maigidana ya ce, "A'a Baba, sai na gaida arɗo."

Na ga fuskarsa ta ɗan saki, abin da na daɗe ban gani ba. Baba ya ce yana da mutuminsa, wani manomi mai tumaki a kan hanyar da ke tsakanin Birmingham da Manchester, sun shekara da shekaru tare. Na ce to a buga masa waya, ko a ba ni adireshinsa in tura saƙo. Baba ya dube ni yadda ake duban wanda ya ce a ɗaura aure ta rediyo. Ya ce, "Zuwa da kai ya fi saƙo."

Ranar Asabar muka sake shiga mota zuwa Birmingham, muka bar yara wurin Hajiya. Baba ya fito cikin babbar riga mai sitaci, tana ƙara in ya motsa. Maigidana kuwa tun daga gida ya ciro kaftaninsa daga cikin akwatin nan ya sa, da hula. An sayi goro manya, an naɗe su a ɗanyen ganye, an haɗa da dabino da kwalbar turare. Ni na sa atamfa da mayafi, na ɗora kwat a kai, don watan Mayu ne kawai a kalanda. A cikin tsohuwar motar Baba na tambaye shi sunan manomin. Ya ce suna ba ya zama a kansa. Na ci gaba da tono, sai ta bayyana cewa akwai wani akwatin katako a bakin gonar da ake ajiye ƙwai, mai so ya ɗauka ya jefa kuɗi. Nan Baba ke tsayawa in ya fita yawo da mota, manomin kuma in yana kan tarakta sai ya ɗaga masa hannu.

Na ce, "Baba, ba ku taɓa magana ba ke nan?"

Ya ce, "Shekara da shekaru yana ɗaga min hannu ina ɗaga masa. A ƙasar nan wannan ai zumunci ne."

Na bar maganar, don girmansa, kuma don na san yana da 'yar gaskiya.

Muka bar motar a bakin hanya muka shiga da ƙafa. Taɓo ne har idon sawu. Baba ya tattare babbar riga a kafaɗa, kare na haushi, shi kuma yana ta karanto abin da ya sawwaƙa. Wata tsohuwa ta fito daga rumfar dabbobi da bokiti a hannu, gajeriya, farin gashi, da dogayen takalman roba. Ta tsawata wa karen, ta tsaya tana kallonmu. Ban ga laifinta ba. Ni ma da na ga mutum uku irinmu a ƙofar gonata da sai na ƙara riƙe bokitin da kyau.

Baba ya gaishe ta da Turancinsa na tsohon direba, ya tambayi gida, ya tambayi dabbobi, ya tambayi sanyi, sannan ya ce mun zo ganin maigida. Ta ce me muke so. Ya ce maganar ta maigida ce, in babu damuwa a yi masa iso. Tsohuwar ta ajiye bokitin a hankali. Ta ce mijinta ya rasu tun kafin Kirsimeti.

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Maigidana ya maimaita. Suka dubi juna, ni kuma na san wannan kallon. Baba ya saki babbar rigar ta sauka cikin taɓo, ya ce wa tsohuwar ba mu ji ba, wallahi ba mu ji ba, ko za ta ba mu wuri mu ɗan zauna.

Ina jin ladabi ne kawai ya hana ta cewa a'a. Ta kai mu kicin ɗinta. Mazan suka cire takalma a ƙofa, duk da cewa daɓen ya fi safarsu datti, muka zauna a kujerun katako. Baba ya yi mata ta'aziyya yadda ake yi, ya tambaye ta yaya haƙuri, ya roƙi Allah ya ba ta juriya ya tsare abin da aka bari. Maigidana ya yi tasa. Ni ma na yi tawa, ina satar kallon agogon bango. Daga nan suka sunkuyar da kai suka yi shiru, irin shirun zaman makoki da ba a gaggawar cike shi. Tsohuwar ta rasa yadda za ta yi da mu, sai ta ɗora shayi.

Can Baba ya ɗago ya ce marigayin mutumin kirki ne, bai taɓa ganinsa a bakin hanya ya wuce bai ɗaga masa hannu ba. Tsohuwar ta juyo da butar shayi a hannu. Ta ce, ashe kai ne mai doguwar rigar nan da ke sayen ƙwai, ai yana ba ni labarinka. Sai hawaye.

Ta zauna ta fara magana, kamar an buɗe famfo. Yadda ya fita duba tumaki a filin sama bai dawo ba. Yadda ɗansu da ke wata ƙasa mai nisa ke ta cewa ta sayar da gonar. Yadda aka janye bas ɗin da ke bi ta ƙauyen, har zuwa gari ya zama aiki. Ta nuna mana katunan gaisuwa a jere a kan wata kanta ta bango, ta ce maƙwabta sun kyauta, kowa ya aiko, kuma ba sa son su dame ta. Mutanenta masu kirki ne, sai dai kirkinsu shi ne su ƙyale ka. Tun bayan jana'iza, in ji ta, babu wanda ya zauna a kujerun nan.

Na tausaya mata har cikin raina. Amma ina da akwati buɗe a tsakar ɗaki, ga shi ta yi laushi, ga ta kuma ita ce mai ƙasar. Na taɓa ƙafar maigidana ta ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafarsa. Na sake taɓawa. Ya matsar da kujerarsa gaba ɗaya.

Baba ya kwance goro ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce wannan daga ƙasarsu yake, da shi ake gaisuwa. Ta gutsura, fuskarta ta yamutse, ta ce yana da ban sha'awa. Muka miƙe. A bakin ƙofa ta ce, amma dai akwai abin da ya kawo ku, ko? Na buɗe baki. Baba ya riga ni, ya ce babu komai, gaisuwa muka zo.

Sai da muka hau babban titi na iya magana. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma mutumin nan ya mutu tun kafin Christmas. Yanzu muna May."

Ya ce, "A wurinmu yau ya mutu, tunda yau muka ji."

Na ce, "Da kanta fa ta tambaya. Kalma ɗaya ce ta rage."

Ya ce, "Ba a haɗa ta'aziyya da buƙata, 'yata. Da mun roƙa, gaisuwar ta zama ciniki."

Na ce, "Ita ba ta ma san wannan al'adar ba."

Ya ce, "Mu mun sani."

Na juya ga maigidana ko zai taya ni, tunda dai don shi aka yi tafiyar. Yana kallon taga. Ya ce, "Tumakin suna da kyau. Ɗaya dai tana ɗingishi." Na ji kamar in buɗe ƙofar motar in ƙarasa Birmingham da ƙafa. Na bar babin da malamina ke jira, na ɓata atamfa da taɓo, na dawo da abin da na tafi da shi.

Makon nan ban yi masa magana mai daɗi ba. Amma ina lura da akwatin, don ya zama jaridata ta kowace safiya. An wanke kaftanin, an goge shi, an rataye a wadrob. Bai koma ciki ba. Sauran kayan dai suna nan, hula da takalmi da caza, babu abin da ya ragu.

Bayan 'yan makonni ya ce ya kamata a koma a sake gaida Inna. Na ce wace Inna. Ya ce mai tumaki. Har ta samu suna a gidanmu ban sani ba.

Wannan karon ma da Baba muka je, ta gane mu tun daga nesa, ta ɗaure karen, ta kuma fito da wani burodi mai zaƙi da ta gasa. Ba ta bari mun gama gaisuwa ba ta ce yau sai mun faɗa mata, don tun ranar take ta tunani, mutum uku ba sa sa irin wannan kaya su zo sayen ƙwai. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya fara jawabin da ya daɗe yana dafawa. Ya ce mu baƙi ne, baƙo kuma ba ya da ƙasa sai wadda aka ara masa. Ya ce wannan ɗan nasa cikin dabbobi ya tashi, matarsa ga ta nan mai neman ilimi ce, birni ya matse masa ƙirji. Ya ce ba gona muke nema ba, ba itace ba, aron ƙasa muke roƙo daidai faɗin tabarma, na dare ɗaya, za mu mayar da ita yadda muka same ta.

Tsohuwar ta saurara baki buɗe. Da ta gane abin da ake roƙo sai ta fashe da dariya, har tana share ido da bakin riga. Ta ce shekara da shekaru samari ke hawa filin saman nan su kwana babu wanda ya tambaya, su bar mata gwangwanaye, mijinta ya hau ya yi musu ihu sannan ya ba su ƙwai su soya. Tunda take, in ji ta, ba a taɓa neman izininta ba, balle da irin wannan riga. Ta ce mu hau duk ranar da muke so, mu dai rufe ƙofar shinge saboda tumaki.

Baba bai ji daɗin saurin amsar ba, don ko rabin jawabin bai kai ba. Ya ce ya gode, sannan ya ƙarasa sauran.

A watan Yuni muka je da yara. Rana ta ƙi faɗuwa, yadda take yi a ƙasar nan in ta samu dama, muka yi ta jiran magariba har yaran suka gaji da gudu suka yi barci da takalmansu. Babbar cikinsu da isarmu ta fara ƙorafi da Turancinta na 'yan Manchester cewa ko'ina kashin tumaki ne, ta ƙare da roƙon a bar ta a nan. Na shiga tanti tare da su. Shi ya ƙi shiga, ya ja tabarmarsa can nesa kusa da wani shingen duwatsu. Na ce sanyi zai kashe shi. Ya ce to.

Da na fito da safe gari ya waye fes. Ya yi asuba ya koma barci, ga shi nan a miƙe a kan tabarma, bargon ya jiƙe da raɓa, hular ta faɗi gefe, baki buɗe yana munshari. Tumaki sun kewaye shi daga nesa suna tauna suna kallo. Tunda muka zo ƙasar ban ga ya yi barci irin wannan ba, na mutumin da ba ya jiran ƙararrawar kowa. Tausayinsa ya kama ni, da kewar mutumin da na aura, wanda ashe yana nan. Na tsaya na yi 'yan hawayena, na goge kafin yara su tashi.

Da ya farka bai ce min komai a kan sama ko taurari ba. Ya naɗe tabarma ya gangara wurin Inna. Daga inda nake ina hango su, sun kama tunkiyar nan mai ɗingishi suna duba kofatonta, daga baya suka jingina da ƙofar shinge suna kallon garken. Ban ga bakin ɗayansu yana motsi sosai ba. Sun daɗe a haka, har na gama naɗe tantin ni kaɗai, ina mita.

Da yammacin Lahadi muka iso Moss Side. Na yi wa yara wanka, na kwantar da su, na shiga ɗaki, ƙaurina ya bugi akwatin kamar kullum. Yana zaune a bakin gado yana cire safa. Na gaji da karatun akwati. Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Ai tafiya ba ta taso ba yanzu. Na yi wa Inna alkawari zan zo lokacin haihuwar tumaki, bayan sanyi. Ba ta da kowa."

Na yi murna ƙwarai. Nan take kuma na tuna cewa tumaki kowace shekara suke haihuwa, murnar ta ƙaru. Amma na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Wata da watanni ina roƙonsa da faɗa, da lallashi, da sunan 'ya'yansa, bai ce zai zauna ba, yau ga shi zai zauna saboda tumakin wata tsohuwa da bai fi sau uku ya gani ba. Tambaya ta zo min har bakin leɓe, in ce ni fa, ina cikin lissafin ko kuwa albarkacin tumaki na ci. Na haɗiye ta. Na koyi wani abu a kicin ɗin Inna, ba kowace buƙata ake faɗa a ranar da aka zo da ita ba.

Na durƙusa na kwashe hular da takalmin da cazar, na zuba masa a kan gado. Na cusa tantin a cikin akwatin, da sauran ciyawa a jikinsa, na danne na zuge. Na jawo kujerar teburina, wadda ƙafarta ɗaya ta daɗe da sassautawa, na hau da akwatin a ka ina lalubar saman wadrob. Kujerar ta shiga rawa, ni kuma na rantse a raina ko zan faɗi ba zan ce ya taimake ni ba.

Ban ji tasowarsa ba. Na dai ji kujerar ta daina rawa.